Motar Marayu da Lissafin Naira Ɗari

Akwai wata magana da duk wanda ya taɓa zuwa cinikin tsohuwar mota ya ji ta: "Ɗan aiki kaɗan take nema." Dillali zai faɗe ta yana shafa bodi, mai mota ya maimaita yana kallon gefe. To a cikin wannan "kaɗan" ɗin ana iya samun canjin bel guda ɗaya, ana kuma iya samun sauke inji sukutum, kuma tsakanin biyun akwai kuɗin da zai aurar da yarinya. Abin da nake son mu duba a wannan fitowa shi ne, idan mota ta tsufa, injinta na ciwo, babu wanda ya san zurfin ciwon, nawa ne kuɗinta na adalci? Ina nufin kuɗin da mai saye da mai sayarwa za su haɗu a masallacin Juma'a bayan shekara guda, su gaisa, babu mai sunkuyar da kai.

Mu 'yan sashen injiniyan kanikanci mun san abin da ke jiran mu a gida duk lokacin hutu. Kana sauka daga mota ka zama Injiniya. Wannan ya kawo maka janareta, wancan injin ban-ruwa, wata ta aiko a duba mata injin markaɗe, ba ruwan kowa da cewa ND II kake. A hutun da ya wuce, bayan an gama kaka, nawa rabon ya fi ƙarfin janareta. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya sayar da masararsa da shanun huɗa biyu zai sayi mota, ya ce ko sisi ba zai bayar ba sai na gani da idona. Kuɗin nan gumin shekara uku ne. Idan suka narke, har kuɗin makarantata sai sun ji a jikinsu.

Wanda bai san kudancin Kano ba zai ɗauka duk ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar ta kewayen birni. Idan ka baro Kano ta titin Zariya, ka wuce Kura, ka shiga ƙasar Bebeji inda madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, duk kana kan kwalta. A Kwanar Ɗangora ta ƙaramar hukumar Kiru hanya ke rabuwa. Ka karya hagu ka nufi Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore ka faɗa Doguwa, hanyar ta zarce Saminaka da Jos. Daga nan ƙasa ta canja. Ruwan sama ya fi na birni yawa, ga duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza, ga rafuka. Ƙauyen su Kawu yana can ciki, nesa da kwalta. Daga Yuli zuwa Satumba hanyarsu laka ce da taɓo. Golf da Sharon a bakin titi suke tsayawa. Taki sai a babur, buhu bibbiyu, mace mai naƙuda ma sai a babur ko amalanke. Shi ya sa Kawu ya ƙwallafa rai a kan mota mai jan ƙafa huɗu, wadda direbobi ke ce wa fowil.

An ba shi labarin wata a wani gari cikin ƙasar Kiru, kusa da Kwanar Ɗangora. Bas ce ƙirar Mitsubishi L300, mai fowil, mai shan gas, irin wadda aka fara ƙerawa a 1986. Injinta shi ne 4D56, mai silinda huɗu, lita biyu da rabi, irin wanda ke cikin tsofaffin Pajero da L200. Mai ita direba ne, ya rasu wata bakwai da suka wuce, ya bar mata ɗaya da yara biyar. Tun ranar da ya kwanta ciwo motar ke ajiye a gindin darbejiya a ƙofar gida. Rabon gado ya tsaya ana jiran a sayar da ita, Baffan yaran shi ne wakili. Ka ga ke nan cinikin ya yi nauyi ta ɓangare biyu: nan gumin Kawu, can dukiyar marayu. Wanda duk aka ƙwara a ciki, akwai tambaya gobe kiyama.

Kafin in ci gaba, bari in yi wata dabara. Yadda farashi ke gudu a ƙasar nan, idan na rubuta miliyoyin da aka ambata, kafin mujallar nan ta fito daga wurin bugu sun zama tarihi. Don haka mu ƙaddara cewa irin wannan mota, lafiyayya, mai takardu, wadda za ka tayar ka kama hanyar Doguwa yau, naira 100 ce. Duk sauran lissafin a kan wannan ɗarin zan ɗora shi. Ita kanta ɗarin ba a ka muka ƙirƙiro ta ba. Kwana biyu muka yi muna tambayar direbobi a tashar Tudun Wada da masu sayar da motoci a Kano, kuma abin da muke tambaya shi ne nawa aka sayar da irinta kwanan nan, domin kuɗin da ake sa wa mota suna daban, wanda ake ƙirgawa a hannu daban.

Da muka isa mun tarar da lambobi uku suna jiran mu. Baffa ya sa mata 85. Wani mai sayen motoci daga birni ya riga ya zo ya taya 45, aka ce masa albarka. 'Yan gwangwan kuma, masu saye su farfasa su sayar da ƙarfe da kayan ciki, sun ce za su ba da 20. Wannan ta ƙarshen tana da amfani ƙwarai, don ita ce ƙasan rijiya: ko injin ya mutu murus, motar ba za ta gaza haka ba. Saboda haka kuɗin gaskiya yana wani wuri tsakanin 20 da 100, kuma aikinmu shi ne mu matse wannan fili.

Baffa yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, 'yan Kwatano suka yi wuya. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a cikin 2024. Tsohuwar motar da ke cikin gida sai ta zama kadara, mutum ya hau ta shekara biyar ya sayar fiye da yadda ya saya. Abin da Baffa bai sa a lissafi ba shi ne, dalar da ta ɗaga kuɗin motar ita ce dai ta ɗaga kuɗin kayan gyara a Kofar Ruwa. Lafiyayyar mota ta yi tsada, haka ma ciwon mota ya yi tsada.

Na roƙi Kawu mu tafi da bakaniken da na yi SIWES a garejinsa a Tudun Wada, dattijo ne da ya shekara talatin yana kwance injin gas. Ya ce zai zo bisa sharaɗi ɗaya, a isa da sassafe kuma kada a tayar da motar kafin mu zo. Dalilinsa kowa ya riƙe shi: inji mai ɗumi yana ɓoye ciwo, mai sanyi ba ya iyawa. Injin L300 a ƙarƙashin kujerar gaba yake, ya ɗaga kujerar ya ɗora tafin hannu a kai, ya ji sanyi ƙalau, sannan ya ce a ɗaura batirin da muka zo da shi. Kafin a murza makulli ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba, ya buɗe murfin da ake zuba man ya leƙa. Idan ruwa ya haɗu da baƙin mai, za ka ga ya koma kamar shayi mai madara. Wannan baƙi ne wuluk, babu alamar ruwa. Ya cika lagireto da ruwa ya bar murfin a buɗe.

Ta tashi a murzawa ta uku. Oga ya ce in koma baya in karanta masa salansa. Hayaƙi kala uku ne, kowanne da labarinsa. Baƙi yana nufin gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa nozul ne ko matatar iska, gyara mai sauƙi. Shuɗi yana nufin inji na ƙona baƙin mai, wato ringi sun cinye. Fari, idan na 'yan mintocin farko ne a safiyar sanyi, ba komai, amma idan ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, to ruwa na shiga inda wuta take. Wannan farin ya ƙi ɗaukewa, da ɗan shuɗi-shuɗi idan an taka totur. A bakin lagireto kuwa kumfa ce ke tasowa ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, alamar iskar cikin silinda na kutsawa cikin hanyar ruwa. Labari mai daɗi shi ne, fitilar baƙin mai ta mutu nan take, kuma babu ƙwanƙwasa daga ƙasan inji. Oga ya kashe ta ya goge hannu.

"Injiniya, me ka gani?"

Na ce, "Oga, ta taɓa tafasa. Ko gasket ne, ko tof silinda."

Ya ce, "Ko kuma bulok. Kada ka manta da na ukun don ba ka son sa."

Nan gizo ke saƙar. Kan wannan inji na alminiyam ne, gangar jikin kuma ta baƙin ƙarfe. Idan ya tafasa, kan ne ke fara lanƙwashewa ko ya tsage. Alamun da muka gani za su iya fitowa daga ciwo uku mabambanta. Idan gasket ne kawai ya ƙone, a goge fuskar kan a sa sabo, aikin bai wuce naira 6 ba a lissafinmu. Idan kan ya tsage, sai an sayo wani ɗan Beljiyam, a canja ringi da bel, wajen naira 18. Idan kuwa bulok ɗin ne ya taɓu, sai cikakken inji, naira 35, kuma shi ma injin Beljiyam ɗin garantin 'yan kwanaki ake ba ka, daga nan kai da sa'arka. Daga waje babu bakaniken da zai rantse maka wanne ne a cikin ukun. Duk wanda ya ce ya sani, ko dai dillali ne, ko yana son aikin.

Sai muka shiga ƙarƙashi, domin mota mai fowil rabin kuɗinta a can yake. Shasi lafiya, babu walda, babu tsatsar da ta ci ƙarfe, lambarsa ta dace da ta takardun kwastan. Amma farfelar gaba, wadda ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba, babu ita. Wannan abu ne da ya kamata kowa ya duba, don motoci da yawa suna yawo da rubutun 4WD a jiki da sandar giya ta biyu a ciki, alhali an daɗe da cire kayan. Kawu ya ɓata rai. Ana cikin haka sai uwar yaran ta aiko babban ɗanta daga cikin gida cewa ƙarfen yana ɗakin ajiya, marigayin ne ya cire shi a 2022 lokacin da kuɗin gas ya ninka fiye da sau biyu, wai ko za ta rage sha. Aka ɗauko, Oga ya ɗaura, muka ja ta 'yan taku zuwa wani yashi a bayan gari. A kan kwalta ba a gwada irin wannan fowil ɗin, yana takura giya. A cikin yashin ƙafa huɗun duk suka ja. Na ga fuskar Kawu ta washe, Oga ya taka masa ƙafa a hankali don kada dillali ya gani.

Wannan farfela da aka jingine a ɗaki ta koya mini wani abu game da farashi. Marigayin tsakanin Kwanar Ɗangora da Kano yake jigila, kan kwalta. A wurinsa fowil nauyi ne kawai da ƙarin abin lalacewa. Haka yake ga duk direban da ke Bebeji ko bakin titin Kiru. A wurin Kawu kuwa saboda shi ake cinikin gaba ɗaya, in babu shi gara ya sayi tsohuwar J5. Mota ɗaya, daraja biyu, tafiyar awa biyu tsakaninsu. To da wacce za a yi ciniki? Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, da ta kasuwa. Ba daidai ba ne Baffa ya tsuga kuɗi don ya ga Kawu a matse yake da bukatar fowil, kamar yadda ba daidai ba ne Kawu ya karya kuɗi don ya ji ana jiran rabon gado. Matsuwar mutum ba ta cikin kayan motar. Abin da ake saye shi ne ƙarfe da aikin da ya rage a jikinsa.

Waɗanda suka yi kwas ɗin tattalin arziki za su tuna George Akerlof, masanin nan na Amurka. A 1970 ya wallafa wata maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, mai sayarwa ya san motarsa, mai saye bai sani ba. Saboda tsoro, mai saye zai riƙa taya kowace mota a kuɗin mai matsala. Masu motoci nagari sai su ƙi sayarwa a haka, su janye, kasuwa ta cika da rubabbu. Tayin 45 da mutumin birni ya yi daga nan ya fito. Ya ɗauka mafi munin ciwon ne, ya cire 35 na inji, ya cire ribarsa, ya cire ladan tsoro. Ba zan ce azzalumi ne ba, sana'arsa ke nan. Amma idan ciwon ƙarami ne, marayu sun yi asarar kusan rabin abin da ubansu ya bar musu.

Sai dai namu cinikin ya ɗan bambanta da na Akerlof. A nan mai sayarwar ma bai sani ba. Wanda ya san ranar da ta tafasa da abin da aka yi mata yana kabari. Baffa manomi ne, ko tuƙi bai iya ba. Cinikin biri a sama ne ga kowa da kowa.

Dillali ya kawo shawarar da ta yi kama da mafita: a yanka kuɗi biyu, idan an buɗe gasket ne Kawu ya biya 80, idan inji ne ya biya 50, a ƙulla yanzu. Baffa ya ce sai an tambayi limamin unguwa, tunda dukiyar marayu ce. Muka same shi a zaure bayan azahar. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shari'a ta yi tanadi biyu a nan. Na farko, wanda ya san aibin kayansa wajibi ne ya bayyana, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. Na biyu, ba a son ciniki ya ƙullu alhali ba a san takamaiman kuɗin ba.

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, to yaya za mu yi? Ba a sanin ciwon sai an buɗe, kuma ba na buɗe motar da ba tawa ba."

Malam ya ce, "Alhaji, ai izini ake nema. Ku fara buɗewa da yardar wakili, ku gani, sannan ku yi ciniki ɗaya a kan abin da kuka gani. Gani ya kori ji."

A nan aka rubuta 'yar takarda, ni ne ma magatakarda. Kawu zai biya bakanike ladan kwance kan injin, naira ɗaya da rabi a lissafinmu. Idan an gani ya fasa, zai sa a mayar da shi yadda yake da sabon gasket, kuɗinsa sun tafi ke nan. Idan an daidaita, a raba ladan biyu. Baffa kuma ya yi alkawarin ba zai sayar wa wani ba har kwana uku. Shaidu biyu suka sa hannu. Ku duba fa, naira ɗaya da rabi aka kashe don a kawar da jahilcin da faɗinsa ya kai naira 29, wato tazarar da ke tsakanin 6 da 35. A duk cinikin babu kuɗin da suka yi aiki kamar waɗannan.

Washegari Oga ya sauke kan a gaban kowa, a kan buhu a gindin darbejiyar. Da aka wanke sai ga tsaga siririya kamar gashi tsakanin bawul biyu na silinda ta uku. Ya sa ƙarfen awo a fuskar bulok, a miƙe take. Ya zura farce a bangon silinda, akwai ɗan ci amma bai kai a kai wa masu injin gyara ba. Ciwo na tsakiya ke nan. Ya kira Baffa ya ɗora masa yatsa a kan tsagar don ya ji da kansa. Ya kuma nuna mana asalin ta'asar: lagireto ya toshe da laka da tsatsa, saboda shekara da shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya. Wanda ya canja kai bai wanke lagireto ba, zai sake sayen wani kan kafin damina ta fita.

Daga nan lissafi ya zama na ɗan firamare. Daga 100 a cire 18 na kai da gasket da ringi da bel biyu, don wannan injin bel biyu gare shi kuma idan babban ya tsinke yana tafiya da wasu kayan, har da wankin lagireto da ladan aiki. A cire 7 na tayoyi da batir da mayukan giya, domin mota mai fowil tana son ƙafafunta huɗu su zama girma ɗaya, waɗannan kuwa kowace da inda ta fito. A cire 2 na sabunta takardu da canjin suna. Saura 73. Sai abu na ƙarshe, wanda a kansa aka fi jayayya: na ce a cire 8 saboda makonnin da za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo, da zirga-zirgar Kofar Ruwa, da abin da ba a rasa ba wanda sai an hau hanya yake fitowa a motar da ta yi wata bakwai a tsaye. Baffa ya ce wannan ai son kai ne. Na ce, "Baffa, da za a ajiye maka lafiyayya a 100, da wannan a 73 ka je ka yi ta fama da gyara har ta kai 100, wacce za ka ɗauka?" Ya yi shiru, can ya ce lafiyayyar mana. To bambancin da zai sa mutum ya yarda ya ɗauki wahalar, shi ne takwas ɗin. Lissafi ya tsaya a 65.

Ba a sallama nan take ba, ai ciniki sai da ja. Baffa ya sauko 75, Kawu ya tsaya a 65, dillali na kai gwauro yana kai mari saboda la'adarsa. Da la'asar Kawu ya ce ya ƙara biyu, 67. A hanyar komawa na tambaye shi ko sadaka ya yi wa marayu. Ya ce, "A'a, ɗana. Sadaka daban ake yin ta, ba a cusa ta cikin ciniki. Motar nan hannu ɗaya ta sani tun da ta shigo ƙasar, takardunta cikakku, kuma matar nan da ta ga dama da ta yi shiru a kan farfela ta sayar wa 'yan gwangwan. Gidan da ba a ɓoye maka ƙarfe ba, ba a ɓoye maka wani abin ba. Wannan ma kuɗi ne." Baffa ya sallama a 67, aka yi addu'a, aka ƙirga a gaban shaidu. Marayu sun samu 22 sama da tayin mutumin birni, Kawu ya biya 18 ƙasa da abin da aka fara nema.

Ba na cewa lissafin nan zai hana asara. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mota mai shekara sama da ashirin kuma ba ta rasa abin da za ta nema. Abin da na gamsu da shi shi ne, mafi yawan rigimar da ake yi a kan farashin irin wannan mota, rigima ce a kan wa zai ɗauki abin da ba a gani ba. Mai sayarwa yana son ya tura wa mai saye ta hanyar cewa aikin kaɗan ne, mai saye yana son ya tura wa mai sayarwa ta hanyar tayin wulaƙanci. Hanyar adalci ita ce a kashe ɗan kuɗi a buɗe a gani, abin da ya ƙi ganuwa kuma a yi masa kuɗi a fili, kowa ya san nawa aka cire kuma saboda me.

Ga 'yan'uwana ɗalibai, akwai abin ci a nan. Daga Bebeji har Doguwa, duk bayan kaka manoma na fitar da kuɗin masara da shinkafa suna sayen tsofaffin motoci da taraktoci da injinan casa, mafi yawa bisa maganar dillali, wanda sai ciniki ya faɗa yake samun nasa. Ba kasafai za ka samu wanda aikinsa kawai ya duba ya rubuta gaskiya a biya shi ba, ko an saya ko an fasa. Ma'aunin matsin silinda na injin gas, da ma'aunin batir, da tocila, da takarda mai layi-layi da za ka cike ka sa hannu, ba su kai kuɗin wayar da ke aljihun wasunmu ba. A haɗa da dattijon bakanike irin Oga, don kunnensa ya ji abin da littafinmu bai kawo ba, mu kuma mu riƙe alƙalami da lissafi. Kafin kaka mai zuwa, ya kamata ƙungiyar ɗaliban sashenmu ta zauna da malaman wokshop a tsara irin wannan takardar dubawa, a buga ta da Hausa, kowa ya tafi hutu da kwafi goma a jakarsa.